Ulu, Ƙusa da Hannun Yaro: Nazarin Saƙar Gida a Samaru da Sabon Gari

Duk wanda ya taɓa zuwa suna a Samaru ko Sabon Garin Zariya tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya san shigar da ake fito da jariri a cikinta: hular ulu mai tuntu a ka, 'yar suwaita, wando, safa, sannan a naɗe shi cikin shawul har ba ka ganin komai sai ido da hanci. 'Yan barka su karɓe shi, su yi addu'ar Allah ya raya, su shafa saƙar da yatsa, su tambayi mai jego wa ya saƙa mata. A da amsar takan zama wata ta jiki ce: goggo, ko ƙanwar miji, ko maƙwabciya, ko ita mai jegon da kanta tun cikin yana wata shida. Yanzu sau da yawa sai dai a ce a kasuwa aka sayo. Wannan sauyi ne ya sa nake ganin ya kamata a zauna a dubi saƙar ulu da idon basira. Kullum maganarta ake yi a matsayin sana'ar mata, alhali a wannan matsayi ta daɗe da fara rasa kasuwa. Abin da ya rage mata mai daraja, wanda kuma ba a cika kula da shi ba, shi ne zaman da take haɗa babba da yaro a kan tabarma ɗaya.

Saƙar tsinke da ta kwarashi baƙi ne a ƙasar Hausa, sai dai hanyar da suka biyo ta fi yadda ake zato tsawo. Tsofaffin kayan saƙar tsinke da aka tono a duniya safa ne na auduga, fari da shuɗi, daga Misra ta zamanin Musulunci, tun daga wajen ƙarni na 11. A Sifaniya an sami matasan kai saƙaƙƙu a kabarin wani ɗan sarki mai suna Fernando de la Cerda, wanda ya mutu a 1275, masana kuma suna danganta aikin ga masaƙa Musulmi na Andalus. Daga nan sana'ar ta bazu a Turai, har wani Bature mai suna William Lee ya ƙera injin saƙa safa a Ingila a 1589. Kwarashi kuwa sai a ƙarni na 19 ya yi tashe. Mu a nan, a hannun Turawa abin ya iso mana. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, aka yanka Sabon Gari domin ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa baƙi, aka buɗe kantunan kamfanoni irin su PZ, wanda har yau unguwar take amsa sunansa. 'Yan mishan sun koma Wusasa a 1929. Makarantunsu da makarantun 'yan mata na gwamnati duk suna da darasin aikin allura da kula da gida. Bayan an kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Samaru ta cika da iyalai daga kowane sashe na Nijeriya da ƙasashen waje, maƙwabtaka ta yi aikinta: wannan ta ga wancan tana saƙa, ta ce a nuna mata.

Ba don hannun matan Zazzau ya riga ya saba da zare ba, da baƙon bai zauna ba. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950 a ƙasar Zazzau, aka buga littafin a 1954, ta tashi ne a duniyar da kaɗi yake aikin kusan kowace mace. A gurje auduga a fitar da gurya, a shiɓe ta, a ɗauko mazari, a shafa alli a yatsu, a fitar da abawa mai kauri ko arafiya siririya, a aika yaro ya kai kasuwa ko wurin masaƙi. Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, abin da ya burge shi game da masana'antar tufafin Hausa shi ne a cikin gidaje ake yin ta, iyali na aiki ba tare da an raba su da zaman gidansu ba. Kaɗi neman kuɗi ne, babu wadda ta ɗauke shi abin shaƙatawa. Amma yana da wata riba da ba a ƙirga ta da wuri ko da kwabo. Mai kaɗi a zaune take, hannunta na aiki, bakinta da kunnenta a sake. Bayan tuwon dare yara sukan zagaye ta, tatsuniya da kacici-kacici da labarin dangi su fito. Yarinya ba ta san ranar da aka fara koya mata ba. Ta dai ga tana riƙe da ƙaramin mazari tana ɓata auduga, ana dariya ana gyara mata.

Abin da ya kashe kaɗi sananne ne. Ƙungiyar auduga ta BCGA da aka kafa a Manchesta a 1902 ta kafa injinan gurzar auduga a Arewa, har da Zariya, domin ciyar da masaƙun Ingila. A 1922 aka buɗe gonar gwaji ta Samaru, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona a 1962, inda har yau ake fitar da irin audugar da ake kira SAMCOT. Masaƙar Kaduna ta KTL ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya. Zaren inji da atamfa suka yi arha, mazari ya koma ƙasan gado. A gidaje da yawa na birane, ulu ne ya maye gurbinsa a hannun mace mai zaman gida. Tsarin karatu na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya ba darussan aikin hannu wuri. Shirin Better Life na Maryam Babangida a 1987, da shirin tallafa wa iyali na Maryam Abacha a 1994, suka yawaita cibiyoyin mata inda ake koyar da ɗinki da saƙa da haɗa sabulu da man shafawa. A wannan zamani ne keken saƙa ya shiga gidaje, mace ta tura ta jawo, kafin la'asar ta fitar da abin da tsinke zai kwana biyu bai gama ba.

Ba na raina wannan ko kaɗan. Akwai gidajen da kuɗin saƙa ya biya kuɗin makaranta, ya yi adashe, ya sayi kayan ɗakin 'ya mace, musamman bayan tsukewar tattalin arziki ta 1986. Sai dai duk wannan tsari ya ɗora saƙa a kan alkawari guda, wato za ta kawo kuɗi. Alkawarin kuwa ya yi rauni. A shiga kasuwar Sabon Gari da farkon hunturu a ga dilar gwanjo da ake kwancewa, cike da rigunan sanyi na yara, ga kuma sababbin kayan jarirai na China a leda, an jera su har saman rumfa. Manyan masaƙun Kaduna ma ba su iya tsayawa ba: KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. In kamfani mai ma'aikata dubbai ya kasa gasa, mace ɗaya da kwarashinta a Hayin Dogo ko Muciya fa? Ta sayi ulu da tsada, ta kwashe kwanaki tana saƙa, mai saye ya taya da farashin na leda. Har yanzu akwai masu yin oda domin suna son aikin hannu, kuma aikin kwarashi na ainihi inji bai iya kwaikwayonsa ba, amma kasuwar ta ƙanƙance. To da yake da ma don kuɗi aka ce a koya, da kuɗin ya ja baya sai aka ajiye. 'Ya'yan da suka taso bayan nan ba su tarar da uwa tana saƙa ba, balle su ɗauki guntun zaren da ta yar.

Guntun zaren nan kuwa shi ne makarantar farko. Wanda ya yi firamare a wannan yanki zai tuna yadda 'yan mata suke zare tsinken tsintsiya biyu, su kankare su su yi sulɓi, su fara saƙa da su lokacin tara. Zai tuna kwarkwaron zaren tela na katako, wanda ake buga wa ƙananan ƙusoshi huɗu a baki, ana naɗa ulu ana ɗagawa da tsinke, wata siririyar igiya tana fitowa ta ƙasan ramin. Akwai kuma firam mai kusurwa huɗu da kafinta ke jera wa ƙusa a kowane gefe. Ana kai zare ana komowa a tsaye, a sake yi a kwance, a maimaita har ya yi kauri, a bi kowace mahaɗa a ɗaure ta tamau, sannan a sa almakashi a yanke zaren sama tsakanin ɗauri da ɗauri. Da an karkaɗe sai tuntaye su tashi jere. Da shi ake yin shawul ɗin jarirai da kayan ado na kujera da tebur.

Firam na zamani da ake gani a bidiyon waya, wanda ya yi tashe a Amurka da Turai tun farkon shekarun 2000, jikan kwarkwaron nan ne. Zobe ne na roba mai haƙora a tsaye a madadin ƙusoshi, yakan zo girma-girma, ƙaramin mai haƙora 24, babban mai 41. Aikinsa ba shi da wuya. A ɗaure bakin zare, a bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya ana zagaye kowanne, a zo ƙarshe a sake zagayawa, kowane haƙori ya zama yana ɗauke da zarge biyu. Sai a ɗauko ƙugiya a kamo zargen ƙasa, a tsallakar da shi kan na sama, a sake shi ta ciki. In an gama zagaye an yi layi ɗaya ke nan. A sake naɗawa, a sake tsallakarwa. Saƙar tana sauka ta tsakiyar zoben, in ta kai tsawon da ake so a zura allura a tattara bakin a tsuke, hula ta fito.

Dalilin da ya sa wannan ya dace da yaro ya cancanci a tsaya a kansa. A saƙar tsinke, duk zargen suna jere a kan ƙarfe mai santsi. Hannu na kuskurewa su zube, aikin awa guda ya warware, yaro ya fashe da kuka ya ce ya fasa. Kwarashi kuma yana son hannun hagu ya riƙe zare da wani irin ja wanda ba ya yi sako-sako ba ya yi tauri, abin da sai an daɗe yake zama a yatsu. A kan firam kuwa kowane zarge yana da ƙusarsa. Tazarar ƙusoshin ce ke daidaita saƙar, ba gwanintar hannu ba. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai zai iya ajiyewa ya tafi Islamiyya, ya dawo ya tarar da aikinsa inda ya bar shi. In ya tsallake ƙusa, idonsa ne zai nuna masa, ba sai an faɗa masa ba. Kuma aikin yana rabuwa biyu: babba ya naɗa, yaro ya tsallakar, ko su yi musaya.

Ga yadda abin yakan kasance a tsakar gida bayan isha'i, an ɗauke wuta, an jingina fitilar caji a jikin bokiti. Uwa na zaune da firam a cinya, 'yarta ta durƙusa a gabanta da ƙugiya, ta fito da harshe gefe saboda himma. Ƙanenta yana riƙe da dunƙulen ulu, aikinsa ya riƙa sako zare, yana ji da kansa. Yarinyar tana ƙirga ƙusoshi a fili, ta kai goma sha bakwai ta tsaya. "Umma, wannan guda ɗaya ne a kai." Uwar ta leƙa, ba ta karɓe ba, ta ce ta duba bayan ƙusar. Ta laluba ta gano zargen da ya zame, ta ɗago shi da bakin ƙugiya ta mayar. Can cikin layi na gaba, ba tare da an tambaye ta ba, ta fara ba da labarin wata 'yar ajinsu da take ƙwace mata abincin tara. Maganar da in an zaunar da ita an ce "faɗa mini abin da ke damun ki" ba za ta fito ba. Ido yana kan zare, ba a kan fuskarta ba, shi ya sa bakin ya buɗe. A gidajenmu da ake da kunya da kawaici tsakanin iyaye da 'ya'ya, musamman ɗan fari, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Masu bincike sun taɓa batun natsuwar da ke cikin saƙa. A 2013 Jill Riley da Betsan Corkhill da Clare Morris sun buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa masu saƙa 3,545 ta intanet a wata mujallar kiwon lafiya ta Birtaniya. Waɗanda suka fi yawan saƙa sun fi cewa suna jin kwanciyar hankali da farin ciki, masu saƙa cikin rukuni kuma sun fi ambaton amfanin cuɗanya. A riƙe wannan da hankali: masu son saƙa ne suka amsa da kansu, akasarinsu matan ƙasashen Turawa, don haka ba hujja ba ce cewa saƙa magani ce. Amma abin da suka faɗa bai saɓa wa abin da mai kaɗi ko mai saƙar faifai ko mai ɗinkin hula ya sani ba. Aikin da hannu ke maimaitawa a hankali, ana ganin yana ƙaruwa, yana kwantar da zuciya. Ga yaron da ya saba da waya, inda komai ke sauyawa kafin ƙiftawar ido, ganin cewa hula tana buƙatar yau da gobe da jibi darasi ne da ba a koyar da shi da baki.

Firam yana da iyakarsa, kada a zuzuta shi fiye da kima. Girman zobe shi ne girman hula, ba ka da ta cewa. Zanen da yake fitarwa kaɗan ne in an gwada da kwarashi, kuma yaron da ya tsaya a kansa kaɗai hannunsa ba zai koyi sarrafa zare ba. Ƙofa ce ta shiga. Wanda ya ji daɗi zai nemi kwarashi da kansa.

Abin da ya fi damuna ba a kayan aikin yake ba, a halinmu yake. Mun gaji tsarin da aikin yaro yake cikin lissafin gida. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara ga yara masu talla da aike. Talauci ne ke riƙe da wannan tsari, ba mugunta ba, kuma ba na zargin uwar da ba ta da zaɓi. Amma ko a gidan da ke da rufin asiri, da yarinya ta gama hularta ta farko sai ka ji an ce, "Ai sai ki riƙa yi muna sayarwa." Daga ranar aikin ya tashi daga nata ya koma na oda. A fara yi mata faɗa a kan ɓarnar ulu, a warware abin da ta yi don bai yi kyan sayarwa ba, a karɓe firam ɗin a ce tana ɓata lokaci. Hular farko karkatacciya ce, mai ramuka. A bar yarinyar ta sa wa ƙanenta ko 'yartsanarta. In sana'a za ta fito daga ciki, za ta fito daga baya, kuma wadda ta fara da so ta fi daɗewa a kai.

Batun tsada gaskiya ne, amma yana da mafita. Tsohuwar suwaitar gwanjo da ta yi wa kowa kaɗan ana iya farke ɗinkinta a warware ta, a wanke zaren a shanya, a dunƙule. Warwarewar ma yara suna son ta. Sai dai a san abin da ake riƙe da shi. Mafi yawan abin da ake sayarwa da sunan ulu a kasuwanninmu ba gashin tunkiya ba ne, zaren akirilik ne da ake yi da sinadaran man fetur, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fara fitarwa kasuwa a wajen 1950. Yana da arha, yana wankuwa, launinsa ba ya zuba. Amma in wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne a fata. Lokacin da aka fi sa wa yara shi kuwa shi ne lokacin da ake shigar da kaskon gawayi ɗaki. Duk mai saƙa wa jariri ya kamata ta san wannan, ta kuma guji doguwar igiya a wuyan hula da tuntun da zai iya cirewa ya kai baki. Yana kuma yi mini ciwo cewa a garin da ake fitar da irin audugar ƙasar nan, zaren da ke hannun yaro na roba ne. Jami'ar da ke Samaru tana da sashen ƙere-ƙeren masana'antu mai fannin tufafi. Zaren auduga mai kauri na saƙar hannu, da firam ɗin katako mai arha da aka auna shi daidai da siririn ulun da muke da shi, ayyuka ne da ɗalibi zai iya ɗauka su amfani unguwa. Zoben roba na waje an yi shi ne don zare mai kauri, shi ya sa namu sai an ninka biyu ko uku kafin saƙar ta cika.

Saura maganar 'ya'ya maza. Yaro namiji ya ɗauki ulu sai a ce aikin mata ne, a kore shi waje. Wannan ra'ayi bai san tarihin gidansu ba. A ƙasar Hausa saƙar ɗan siririn ƙyalle da ake haɗawa a yi riga da zane aikin maza ce, su ke wadari, su ke zama a masaƙa suna jefa ƙoshiya. Mata suna da tasu masaƙar ta tsaye mai faɗi. Ɗinkin babbar riga, aska biyu da aska takwas, na malamai da almajirai ne, har sai da matan birnin Zariya suka shiga cikinsa a ƙarshen ƙarni na 20, kamar yadda Elisha Renne ta rubuta, aka ma kafa ƙungiyar masu ɗinki mai sunan Sarauniya Amina a 1994. In mata sun ɗauki allurar maza ba a ga abin kunya ba, babu dalilin hana yaro ƙugiya.

Firam ma yana ba uba hanyar shiga, wanda kwarashi bai ba shi ba. Guntun katako daga wurin kafinta a Kwangila ko bakin kasuwar Samaru ya isa. A yanke shi zobe ko a haɗa dogaye biyu da rata a tsakani, a goge shi da sanfefa kada sartse ya shiga hannu. A auna da rula a ɗiga alama, tazarar ba ta wuce faɗin ɗan yatsan yaro ba, wannan aikin a bar wa shi yaron. A zaɓi ƙusa mai ƙaramin kai, domin mai faɗin kai tana riƙe zare ta hana shi tsallakewa, a buga su su tsaya tsayi ɗaya, a bi kawunan da magogi. In babu ƙugiya, tsohon kwarashi ko sifok ɗin keke da aka lanƙwasa bakinsa aka dasashe shi zai yi.